Ɓerayen Ƙanin Miji

Ni dai tun ranar da na ga Sharhabilu ya sauko daga kan mashin da kejin ɓeraye ɗaure a bayansa na ce Allah ya sa mu ga alheri. Ɓera fa, jama'a! Abin da muke yini muna ɗana wa tarko a gindin rumbu, shi yaron nan ya ɗauko tun daga jami'a ya kawo mana Wagini, har da lulluɓa musu tsohon zane kada rana ta taɓa su. Farare tas, idanu jajir, sun yi ɓul-ɓul kamar ba a ƙasar nan suke ci ba. Wai malamansu sun tafi yajin aiki, an garƙame makaranta, ɗakin da ake ajiye dabbobin gwaji babu mai leƙawa, in ya bar su can suka mutu, aikinsa na shekarar ƙarshe ya bi su.

Ni ce Hansatu, katangarmu ɗaya da gidansu. Mahfuza, matar wansa Zaharaddeen, ƙanwata ce, ɗiyar ƙanin babana. Daga Babban Duhu ta ƙasar Safana aka kawo mu aure garin nan, ni a gaba ita a baya. Ina sayar da koko da ƙosai da safe a ƙofar gida, gefen teburin Sada mai shayi, inda mazan unguwa ke zama su ci naman mutane kafin su tafi gona. Don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ce. Wanda ban gani a bakin kasko ba, ya faɗo mini ta saman katanga.

Zaharaddeen mai liƙin roba ne. Tun yana saurayi yake wannan sana'a a kasuwar Batsari: ya hura gawayi, ya soka ƙarafuna su yi ja, ya narka guntayen roba ya toshe bokitin da ya tsage, ko buta, ko jarka, ko baho. Yini yake cikin baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro, in ya dawo rigarsa ma sai an shanya ta waje. Mutum ne marar hayaniya. Aurensu da Mahfuza ya doshi shekara goma, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Wane rubutu ne ba ta sha ba? Wace saiwa ce ba a jiƙa mata ba? Har asibiti an kai ta a Katsina, aka duba aka ce lafiyarta lau. Uwarsa, Inna Larai, ta yi mitar ya ƙara aure har ta gaji, kullum amsarsa ɗaya: "Inna, haihuwa ta Allah ce." Mu mata muna yaba masa, muna cewa Mahfuza ta yi dacen miji.

Shi kuwa Sharhabilu, yana ɗan ƙaramar sakandare aka kawo Mahfuza gidan. Ita ta riƙa wanke masa kayan makaranta, ita ke ɓoye masa ƙanzo. Wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanin miji ai kowa ya san shi, ba su suka fara ba. In ya shigo zai ce, "Matarmu, mi aka ajiye mini?" Ta ce, "Tafi can, mijin da ko sabulu bai taɓa saya ba." Wani lokaci ta bi shi da muciya, Inna Larai na dariya, Zaharaddeen na dariya. Shekara da shekaru ana haka a gaban kowa, babu wanda ya taɓa ɗaga kai.

A shagon da ke jikin zaure ya jera ɓerayen. Mazan ya raba su gida biyu. Kashi ɗaya ruwan randa suke sha zalla, ɗaya kashin kuma kullum sai ya ɗiga musu wani abu daga 'yar kwalba. Matan suna kejinsu daban. Mahfuza ce ke tankaɗe masa dusar da yake ba su, tana tsokanarsa wai an tura shi karatun likita ya dawo makiyayin ɓera, in Fulani suka ji sai sun faɗi don dariya.

Ana cikin haka damina ta yi tsakiya, gero ya fara ɗaukar ciki. Wata safiya Mahfuza ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, zo ki ji." Na shiga na ishe ta zaune bakin gado. Wata biyu ba ta ga al'ada ba, warin daddawa kuma na tayar mata da zuciya. Muka je asibiti a Batsari aka tabbatar. Wallahi a kan mashin muna dawowa kuka nake, har ɗan acaɓa na tambaya ko rasuwa aka yi mana. Zaharaddeen ranar kasa cin tuwo ya yi. Ya yanka zakara, ya sa aka yi wainar sadaka aka raba gida-gida, ya hana ta ɗaukar ko buta. Da idona na ga mutumin nan durƙushe gaban murhu yana hura mata wuta.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban buɗe baki ba. Amma ɓeraye ma lokacinsu ya yi. Sharhabilu ya haɗa mazan da matan, aka jira. Kejin masu ruwan randa ya cika da 'ya'ya, jajaye, tsirara, suna ta mutsu-mutsu. Kejin masu shan abin kwalba kuwa, wata ta haifi ɗan abin da ba a rasa ba, sauran shiru kake ji. Yaron nan murna kamar an ba shi kujerar Makka. Maimakon ya kama bakinsa ya jira malamansa su dawo, sai ya kwaso zancen ya kawo teburin Sada.

Ina juya ƙosai ina jin sa. Ya ce akwai sinadaran da ake sa wa roba wajen ƙera ta, wasu don ta yi laushi, wasu don ta yi ƙwari, kuma in roba ta sha zafi suna iya fita su shiga ruwa ko abinci. Ɗaya daga cikinsu ne a kwalbarsa. Ya ce masu bincike sun daɗe suna ganin in aka ɗura wa ɓera namiji irin wannan, ƙwayoyin haihuwarsa kan ragu, waɗanda suka saura ma su yi sanyi, shi ya sa ya gwada don ya gani da idonsa. Har yana nuna ledar da nake ƙulla wa mutane koko mai zafi, wai in koma kwano. Na ce to ya sayo mini kwanonin.

Sada irin mutanen nan ne da in ba su soki wani ba shayinsu ba ya daɗi. Ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, ya ce, "To Malam Likita, wanda aka ɗiga wa a ruwa ke nan. Wanda kuma tun yana saurayi yake shaƙar hayaƙinta hwa?"

Aka yi dariya. Dariya ce kawai a lokacin, na rantse. Da Sharhabilu ya ce "Allah ya shirye ka, Sada," ya tashi ya bar wurin, da shi ke nan. Amma ilimi daban, wayo daban. Sai ya gyara zama, ya ce gaskiya hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne, ya sha gaya wa wansa ya riƙa ɗaure hanci, kuma ba mamaki yana taɓa mutum ta wannan wajen, sai dai ba a tabbatar ba.

"Ba mamaki," in ji Sada. Ya ajiye kofin. "Shekara goma shiru. Ikon Allah, sai bana." Ya dubi Sharhabilu tun daga hula har takalmi. "Kai yaushe ma ka dawo gida?"

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Wani ya yi tari, wani ya tashi wai zai duba jakinsa. Ni kuwa na ɗaga matsami mai na ɗiga na ce, "Sada, in ka ƙara kalma ɗaya sai na soya maka baki." Ya ce shi mi ya ce? Tambaya ya yi. Kuma gaskiyarsa, la'ananne, tambaya ya yi. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kafin mako ya zagayo zancen ya je har ƙauyen Yasore ya dawo. A bakin rijiya, a wurin niƙa, a gidan biki. Ba mai faɗa kai tsaye, ai sun san hukuncin ƙazafi. Sai dai a ce, "Allah mai iko, ɗan makaranta ya dawo da albarka." Matan da suka ci wainar sadaka su ne masu ƙirga watanni da yatsu. Wata ta je gaida Inna Larai, tana tashi ta ce, "Ke dai ba ki da asara, jika naki ne ko ta ina." Abin da ya fi ƙona mini rai, duk alherin da aka san gidan da shi sai da aka juya shi. Ƙin ƙara auren da Zaharaddeen ya yi, wanda muke yabo, ya koma wai dama ya san kansa, tsoro yake kada ta biyu ma ta zauna shiru asiri ya tonu. "Matarmu" da yaro ke faɗa tun yana yawo da gajeren wando ta koma shaida. Har aka samu mai cewa ai tun kaka da kakanni an ce ƙanin miji ya fi miji kyau. A kasuwar Batsari masu kawo liƙi suka fara ce wa Zaharaddeen ya yi hankali da hayaƙi, suna ƙunshe dariya. Wani marar mutunci ya ajiye masa tarkon ɓera a rumfa, wai ko zai gyaru.

Zaharaddeen bai ce uffan ba, kuma shirun nan ne ya kashe mu. Ya daina hura wuta. Ya daina zama cin tuwo a tsakar gida, sai a kai masa zaure, kwanon ya dawo yadda aka kai shi. Wata la'asar ina gidan ina taya Mahfuza tsintar wake, ta tashi ta ɗauki taɓarya za ta yi daka. Sharhabilu ya fito ya karɓe ya ce, "Kawo nan, matarmu, kada ki wahalar mana da ɗa." Bakinsa ne ya riga hankalinsa, maganar da ya saba ce. Sai muka ga inuwa a bakin zaure. Zaharaddeen ne tsaye da buhun kayan aikinsa a kafaɗa. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi cikin matarsa, ya juya ya fita.

Washegari da safe Mahfuza ta yi alwala ta ɗauko Alƙur'ani. Ina jin su ita da mijinta ta katanga.

"Malam, ga shi, bari in dafa."

"Ki dafa a kan mi? Na ce kin yi wani abu?"

"Ba ka ce ba, amma…"

"To tunda ban ce ba, mayar da shi inda kika ɗauko."

Kun ji mugunta. Da ya zarge ta, da ta rantse, da an kira manya an kashe wutar. Ya ƙi zargi, ya ƙi yarda, ya bar ta riƙe da rantsuwar da babu mai karɓa. Liman ya kira shi ya gaya masa a shari'a ɗa na mai aure ne, kuma wanda ya jefi matar aure ba shaidu ya san abin da ke jiransa. Ya ce, "Na ji, Malam. Ni ban jefi kowa ba." Mahfuza ta daina leƙa ko zaure. Ciki na girma, ita tana ramewa, har wuyanta ya fito.

Sai Sharhabilu ya ce shi zai gyara. Allah ya raba mu da gyaran ɗan boko! Ya zaɓi safiyar da teburin Sada ya cika, wansa ya fito zai tafi kasuwa, ya tare shi gaban mutane don kowa ya ji. Ya ce ɓera ba mutum ba ne. Ya ce abin da yake ɗura musu ya fi abin da mutum zai haɗu da shi nesa ba kusa ba, kuma ko cikin ɓerayen ai wata ta haihu, raguwa ce ba mutuwa ba, mai rauni ma yana iya samu bayan shekaru. Duk gaskiya ce, na yarda, amma wa ke saye? Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Sai ya ce, "Yaya, abin ba wuya. Mu je Katsina a ba ka 'yar kwalba, ka ba da maniyyinka a auna, kowa ya huta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A gaban Sada. A gaban sa'o'in mutum da yaran da ya girme. Ƙani ya dubi wansa ya ce ya je a auna mazakutarsa kamar ɓeran keji. Marin da Zaharaddeen ya ɗauke shi da shi sai da kajin gidana suka watse. Bai tsaya nan ba. Ya koma shago, ya kinkimo kejin nan ɗaya bayan ɗaya, ya kai su kududdufin bayan gari da ruwan damina ya cika, ya danna su ciki da ƙafa. Sharhabilu na biye da shi yana "Yaya, don Allah, karatuna ne," har ya shiga ruwan zuwa gwiwa. Kejin da ya fara cirowa babu mai motsi a ciki, manya da jarirai. Inna Larai ta ce wa Sharhabilu ya bar garin kafin a yi abin da ya fi haka, ya tafi wurin kawunsu a Katsina. Ya tafi. Mutanen Wagini suka ce to ga shi nan, mai gaskiya ai ba ya gudu.

Da cikin ya tsufa aka zo daga Babban Duhu aka tafi da Mahfuza goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Zaharaddeen ya haɗa duk abin da al'ada ta ce, hatsi, kanwa, kayan yaji, ko tsinke bai rage ba, amma bai fito sallama ba. Ta tsaya a zaure da ƙullin kayanta tana jira har mai mashin ya fara mita. Da za ta hau ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki taya ni addu'a, Allah ya sa ya yi kama da shi." Wannan addu'ar ta riƙe har ta sauka. Ni ma ita nake yi bayan kowace salla.

Da lokaci ya matso na bar kasko na bi ta gida. Da hantsi ta haihu, bazara ta fara zafi, ni na riƙe ta. Namiji, ƙato. Ungozoma na wanke shi sai ta ce, "A'a, ku zo ku gani, cindo gare shi." Ɗan yatsa na shida, yana reto a gefen ƙaramin yatsansa na hannun hagu. Mahfuza da ke kwance ko hannu ba ta iya ɗagawa ta yunƙura ta tashi zaune.

"Hagu? Yaya, hagu ta ce?"

Zaharaddeen da cindo aka haife shi a hannun hagu, wanzami ya cire, tabon na nan, duk wanda ya taɓa miƙa masa bokiti ya gan shi. Ta rungume yaron tana kuka tana dariya tana cewa, "Alhamdulillahi, Allah ka fitar da ni." Na ce wa ungozoma kada wanda ya kuskura ya taɓa yatsan nan sai ubansa ya zo ya gani.

Ban aiki kowa ba, ban yarda da waya ba. Da kaina na hau mashin, duk da hanyar ba a son bin ta in rana ta karkata. Na ishe Zaharaddeen a ƙofar gida yana liƙin wata jarka, Inna Larai na zaune bakin zaure, Sada can yana wanke kofuna. Da gangan na ɗaga murya don ta kai teburin shayi.

"An sauka lahiya! Namiji! Kuma da cindo, a hannun hagu, irin na ubansa sak!"

Zaharaddeen ya saki ƙarfen da ke hannunsa. Wallahi na ga fuskarsa ta buɗe, na ga mutumin da na sani da. Ya juya hannunsa na hagu yana kallon tabon. Ya miƙe har ya fara kakkaɓe riga. Sai ya tsaya. Ya juya wajen zaure a hankali.

"Inna, Sharhabilu hwa? Shi ba da shi aka haife shi ba?"

Da tsohuwar nan ta yi ƙarya ranar, da Allah ya yafe mata, ni zan tsaya mata shaida. Amma sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Ta ce, "Duk ku biyun ne. Gadon babanku ne."

"Wane hannu?"

"Hagu."

Ya koma ya zauna, ya mayar da ƙarfen cikin gawayi. Ya ce, "Allah ya raya. A gaida mai jego."

Na zage shi, ba zan ɓoye ba. Na ce Allah ya ba ka abin da ka shekara goma kana roƙo, ka tsaya kana auna shi da ɓera. Na ce jakin da ke ɗaukar maka taki ya fi ka hankali, don shi ya san hanyar gidansu. Na ce yarinyar nan ta sha ɗacin saiwa saboda kai, ba ta taɓa ce wa kowa laifinka ne ba. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ciro ƙarfen ya ɗora a kan jarka, hayaƙi ya tashi, ya ci gaba da aikinsa.

Duk da haka, da aka ce zai zo suna sai zuciyata ta ɗan yi sanyi. Tun ranar haihuwa ake jiran ya aiko da sunan da za a yi wa yaro huɗuba, ya ce a bari sai ya zo da kansa. Ranar suna da sassafe sai ga mashina daga Wagini, har da Sada da ba wanda ya gayyace shi. Zaharaddeen ya kawo rago babba mai ƙaho, da goro, da dabino. Mahfuza ta ji an ce ya iso yana gaisawa da baffanninmu, ta sa aka ciro mata sabon zane, ta sa kwalli. Ta ce, "Yaya, ya zo. Da bai yarda ba ai ba zai zo ba, ko?" Na ce haka ne. To mi zan ce?

Maza suka zauna kan tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna ciki, ni ina leƙe ta ɓular zana. Suna haƙƙin uba ne, kowa ya sani. Liman ya karkato, Zaharaddeen ya raɗa masa. Na ga liman ya ɗago ya dube shi, ya sake karkatowa kamar bai ji ba, don zancen ya daɗe da isowa Babban Duhu. Zaharaddeen ya maimaita, wannan karon da ƙarfi yadda na gefe za su ji. Babanmu, mahaifin Mahfuza, ya cire hula ya riƙe a hannu.

To mi za a yi? Mutum ya ce zai yi wa ƙaninsa takwara, uwa ɗaya uba ɗaya. Suna ne mai kyau, sunan sahabi. A kowane gida wannan zumunci ne, abin a sa albarka. Babu dattijon da zai tashi ya ce a'a ba tare da ya faɗi dalili ba, dalilin kuwa ba mai iya furta shi a gaban jama'a. Aka yanka rago, aka shafa fatiha. Wata baƙuwa da ba ta san komai ba ta rangaɗa guɗa, da ta ji ba mai taya ta sai ta katse a tsakiya. Zaharaddeen ko ruwa bai sha ba, ya hau mashin ya tafi. Bai saki Mahfuza ba, don in ya sake ta sai an tambaye shi dalili.

Na shiga ɗakin mai jego. Can ƙurya yake, hayaniyar mata ta hana ta jin abin da aka yi a waje. Tana zaune cikin sabon zanenta, yaro a nono. Ta ɗago tana murmushi.

"Yaya, wane suna ya sa mashi? Na babansu ne, ko?"

Na tsaya bakin ƙofa. Kafin in haɗa kalma sai ga maroƙi ya matso ƙofar tsakar gida neman nasa rabon wurin mata, ya buɗe murya iya ƙarfinsa: "Ina masu jego? Allah ya raya Sharhabilu! Sharhabilu ya zo da goshi!"

Ta ji. Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta zare nonon daga bakinsa a hankali, ta kwantar da shi a kan gado, ta juya fuska wajen bango. Ya tsala kuka, ya yi ta yi har ya shiɗe. Can ta juyo ta ɗauke shi ta mayar da shi ƙirjinta, don ba shi da kowa sai ita.

"Yaya," ta ce, "a kira wanzami ya cire yatsan. Ba mai zuwa gani."